Kwaɓin kukis a firiza kafin biki: wa ta taɓa gwadawa?

Yayar Amarya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikin ƙanwata saura sati uku, an ɗora min kukis mai cakulan da gyaɗa na robobin rabo. Ina zuwa aiki, satin biki ba zan samu sararin kwaɓi ba. Nake ganin in kwaɓa yanzu, in mulmula in sa a firiza, ana gobe kamu in gasa. Muna da sola amma da dare ba ya ɗaukar firizar. Kwaɓin zai kai? Kuma sai ya saki ake gasawa, ko da ƙanƙararsa?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam, Allah sanya alheri. Ki yi cincin da dubulan kawai ki huta, wa ke tambayar kukis a gidan biki?

Anti Mai Kek: Zai kai har wata uku in firizar na ƙanƙara sosai. Ki jera su a tire ba tare da suna taɓa juna ba, in sun yi tauri ki juye a leda mai zif, ki matse iskar. Ranar gashi kar ki jira su saki, daga firiza sai oben mai zafin digiri 175 na Celsius, ki ƙara minti biyu ko uku kan yadda kika saba. Sanyin ma na hana su bajewa, don botar ba ta narkewa da wuri. Gyaɗar ki soya ta sama-sama, ki murje, ta huce kafin ki zuba.

Hajiya Babba: 'Yata kar ki soma. Sunan jikata na yi haka bayan Babbar Sallah, kwano biyu na fulawa, bota mai tsada, har da kashu na zuba. Taransifomar unguwarmu ta ƙone ina gidan suna ina hidima, babu wanda ya faɗa min. Da na dawo na buɗe firiza, naman layya ya saki, ruwan jini ya bi ledojin kwaɓin ya kwanta a ƙasa. Warin nan sai da muka fitar da firizar tsakar gida, muka wanke da toka da lemon tsami. Ga dangin mijin 'yata na sanar da su zan yi kukis, sai biskit ɗin kanti na saya na cika robobi. Surukar 'yata har yau in mun haɗu sai ta ce, "Hajiya ina kukis ɗinmu?"

Maman Biyu: Innalillahi, har naman?

Hajiya Babba: Cinya guda ce ta tsira, ita ma don na riga na soya ta.

Anti Mai Kek: Sannu Hajiya, amma wannan ba laifin kwaɓi ba ne. Firiza in a cike take ba a buɗewa tana riƙe sanyi kusan kwana biyu, in rabi ce kwana guda. Abin gudu shi ne ya narke ya sake daskarewa, saboda ɗanyen ƙwan da ke ciki. Kuma ba a haɗa shi da nama ko kifi, bota na jan wari.

Hajiya Babba: Ke da kika koya a makarantar girki mai janareto. Ni tun kafin a haife ki nake gasa kek a tukunya da yashi.

Anti Mai Kek: Allah huci zuciyarki Hajiya, amma sana'ata ce, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara.

Amaryar Bara: Ni nawa maigida ne ya ga ƙwallayen a firiza ya ɗauka fura ce. Sai ji na yi yana cewa a miƙo ludayi da nono.

Yayar Amarya: Kai Amarya! To nawa ake sayar da cakulan ɗin yanzu?

Maman Biyu: Kilo dubu tara na saya a Singa.

Amaryar Bara: Wane dubu tara? Ni dubu goma sha bakwai aka ce min a Sabon Gari.

Anti Mai Kek: Ba abu ɗaya kuka saya ba. Mai arhar man ganye ne da garin koko, shi ke manne wa dasashi. Na asali da man koko ake yinsa, kuma tun da tan ɗin koko ya haura dala 10,000 a 2024 ya yi tsada. Na rabon biki mai arhar ya isa, ya ma fi jure zafinmu.

Maman Biyu: Wato nawa ne na bogi kenan?

Yayar Amarya: Don Allah maganar dare fa? In firizar ta kwana a kashe, safe sola ta ɗauka, ya halatta?

Hajiya Babba: Ku da ke da sola ma kenan. Mu an ce muna Band A, wato masu samun wuta awa 20 a rana. Tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 kati ke ƙarewa kamar ana lasa, wutar kuma sai tsakar dare ake kawowa.

Amaryar Bara: Mu ko mita ba mu da ita, takarda kawai ake kawo mana a ƙiyasce. Watan da muka yi tafiya gida a kulle ma sai da ta zo.

Maman Biyu: Kuɗin gyaran taransifomar fa Hajiya, su suka biya ko ku?

Hajiya Babba: Su wa? Gida-gida aka bi aka karɓa, har da na shago.