Asusu ɗaya ga kowa, ko a bar wa kamfanonin inshora?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni dai ra'ayina bai sauya ba: a tara kuɗin lafiya a asusu ɗaya na gwamnati, ita ta riƙa biyan asibiti kai tsaye, kowa da katinsa, mai albashi da mai turin kura. A cire kamfanonin HMO, masu shiga tsakanin majinyaci da asibiti a inshorar lafiya, daga tsakani. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Shi ya sa ciwo ɗaya ke cinye jarin gida.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Hajiya, wace gwamnatin? A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Har yau gwamnatin tarayya ba ta kai ko kusa ba. Ita za ki damƙa wa komai? Kamfani dai in ya cuce ka, kana iya komawa wani.

Sista Hauwa: Malam, ka zo asibitinmu ka zauna ka gani. Likita ya duba mutum, ya ce a yi masa hoto ko a shiga da shi tiyata, amma ba a taɓa shi sai kamfaninsa ya turo lambar amincewa. Mu yi ta bugun waya, shi yana dafe da ciki a kan benci, matarsa na tsaye da fayil a hannu. Wani lokaci azahar ta wuce lamba ba ta zo ba, ƙarshe dangi su haɗa kuɗi su biya, alhali duk wata ana cire masa a albashi. Wanda yake kwance ba ya zaɓen kamfani. Kuma ribar kamfani tana cikin abin da bai biya ba.

Yaya Sani: Gaskiyar Hauwa. Nan Kanada da nake, kowane lardi shi ke biyan likita da asibiti, kati kawai kake nunawa. A lardin Saskatchewan aka fara, kuma da aka faɗaɗa tsarin a 1962 likitoci sun yi yajin aiki na kwana 23 don ba sa so. Ga maƙwabciyarmu Amurka, tana kashe kusan kashi 17 cikin 100 na tattalin arzikinta kan lafiya, ta fi duk ƙasashe masu arziki, amma mutum sama da miliyan 20 ba su da inshora, kuma 'yan Kanada sun fi su tsawon rai.

Malam Habu: Yaya, faɗi ɗaya ɓangaren mana. Layin jira fa?

Yaya Sani: Akwai shi. Aikin gwiwa ko na ƙugu sai ka yi watanni. Amma wanda ya yi hatsari ba a tambayarsa kuɗin ajiya kafin a ɗinke shi.

Mamman: Ni ina tare da Malam Habu a wuri ɗaya. Mu a Nijar tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, haihuwa ta tiyata kyauta. Gwamnati ta yi ta jinkirin mayar wa likitoci kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya ƙare a asibiti. Sai a rubuta maka takarda a ce je ka saya a waje.

Hajiya Rabi: Ƙanena, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma dubi inda aka kuskure: an yi shela ba a ware hanyar kuɗi ba. Ghana a 2003 da za ta bar tsarin biya kafin a duba ka, sai ta ɗora harajin kashi 2.5 kan kaya da hidimomi domin asusun lafiya kaɗai. Su ma suna fama da jinkirin biya, amma mai sayar da koko a zangon Kumasi tana da kati. Mu kuwa NHIS, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta fara aiki tun 2005, akasari ma'aikatan gwamnati ta ɗauka. A 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, hukumar da ta maye gurbin NHIS, aka ce inshora ta zama dole. Dole ga manomin da ba ya cikin takardar albashin kowa? Wane kamfani ne zai bi shi har ƙauye, da tsohuwarsa mai hawan jini?

Malam Habu: Ƙarin haraji ke nan, Hajiya, kuma mu 'yan kasuwa zai faɗa wa.

Sista Hauwa: Ai kana biya yanzu ma, Malam, a kemis da wurin gwajin jini, ba ragi. Mai saye ɗaya tak, wato asusun, shi ke iya matsa wa kamfanin magani ya sauke farashi.

Malam Habu: To ga sharaɗina. A rubuta a doka cewa kuɗin asusun ba ya ratsawa ta hannun ma'aikatar kuɗi, a sa wa'adin biyan asibitoci, duk wata a buga abin da ya shiga da wanda ya fita. In an yi haka zan biya. In ba a yi ba, ina nan da kamfanina.