Yaro ya ci 35 cikin 40 a CA amma bai iya karanta layi ɗaya ba, ina matsalar take?

Malamin Aji Huɗu:
Salam malamai, dan Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni tun jiya. Firamare 4 nake koyarwa, yara sun haura 70 a ajina, na haɗa makin CA, wato makin da ake tara wa yaro a kai a kai kafin jarabawa, na wannan zangon, tes biyu da aikin gida da makin zuwa makaranta, wani yaro ya tashi da 35 cikin 40. Jiya na ce ya karanta mana layi ɗaya a littafin Hausa wallahi sai ya yi tsuru-tsuru, ko "tulu" ya kasa haɗawa. To me na auna kenan?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Malam, kwafi ka auna. Aikin gida yayarsa ce ta yi masa, tes kuma su biyar a benci ɗaya, ina zai faɗi? Ita CA tun a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka shigo da ita don kada makomar yaro ta rataya a kan jarabawa ɗaya ta ƙarshen shekara, ana so malami ya riƙa dubawa kaɗan-kaɗan yana gyara koyarwarsa tun da sauran lokaci, mu kuma muka mayar da ita cike gurbi a rijista ranar da za a raba sakamako. Makin zuwa makaranta ma ka cire shi daga lissafin, rubuta shi daban.

Malama Mai Aji Uku:
Malam gwada wannan, ni ya taimake ni sosai. Takarda ɗaya tak, a sama haruffa, sai gaɓoɓi kamar ba bi bu, sai kalmomi, sai ɗan sakin layi, ƙarshe gajeren labari. Ka kira yaro shi kaɗai ya karanta maka da baki, inda ya tsaya nan ne matakinsa sai ka rubuta, babu maki babu bulala. Tsarin TaRL kenan, wato koyar da yaro daidai matakinsa, ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fara shi kuma an yi aiki da shi a jihar Kano, a Wudil da Dawakin Tofa. Bayan gwajin sai ka zaunar da masu haruffa waje ɗaya, masu kalmomi waje ɗaya, kowa ka ba shi daidai bakinsa. In an yi sati shida ka sake gwadawa da wata takardar daban, don in ka maimaita tsohuwar haddacewa za su yi.

Malamin Aji Huɗu:
Na gode Malama, amma yara 70 ɗaya bayan ɗaya? Ga silabas ba mu kai rabi ba.

Tsohon Hedimasta:
Alaramma a tsangaya almajiransa nawa ne? Amma babu mai wanke allo sai ya biya a gabansa ya ji da kunnensa. Ɗauki yara goma kullum kafin ƙarfe tara, minti uku uku, kwana bakwai zuwa takwas ka gama ajin. Kuma ka kira uban yaron nan ka faɗa masa gaskiya yanzu, kada ya ga 35 a kati ya saki jiki.

Malamin Aji Huɗu:
Allah ya saka da alheri Baba. Litinin zan fara in sha Allah. Malama ki turo min hoton takardar taki in kwafa.