Ƙaramin mai laifi: gidan yarin Kurmawa ko tsintsiya?

Baban Ilham: Jama'a ni dai a ganina duk wanda aka kama da ƙaramin laifi, satar kaza ko faɗan unguwa, bai kamata alƙali ya tura shi gidan yari ba, a ba shi tsintsiya ya share asibiti ko kasuwa na wata uku yana kwana a gidansu. Kuma ba ni na ƙirƙiro ba, dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2019 wadda ta mai da sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali ta tanadi haka.

Maman Sadik: Haba Baban Ilham tsintsiya fa? Ɗan ƙanwata a kan waya aka yanke shi a hannu da magariba, ɗinki bakwai, sai kuma washegari mu ga yaron da ya yanke shi yana shara a bakin titi?

Baban Ilham: Hajiya Allah ya ba shi lafiya, amma mai zare wuƙa ai fashi ya yi, ba shi nake nufi ba.

Ɗan Kurna: Wallahi Hajiya da kin ga ƙanena da kin sassauta. Zargin satar janareto aka kai shi, ya yi wata 14 yana jiran shari'a kullum a ɗage zama, yaron da ko sigari ba ya sha ya fito da ƙwaya da sababbin abokai, mai shagon da yake koyon walda ya ce kar ya sake taka masa ƙofa. To ina zai nufa?

Tsohon gandiroba: Gaskiya ka faɗa ɗana. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, kuma a inda na yi aiki shagon kafinta da na ɗinki na waɗanda aka yanke wa ne, mai jiran shari'a sai zaman ɗaki, ka haɗa ɗan shekara 19 da gogaggen ɗan fashi tabarma ɗaya.

Maman Sadik: Naji Baba. Amma wa zai bi shi ya tabbatar ya yi sharar? Kwana biyu zai yi ya gudu Legas.

Tsohon gandiroba: Nan kam kin kama mu 'yata, ma'aikatan da za su bi sawu ba su da yawa. Sai an sa mai unguwa da uban yaron sun tsaya masa a rubuce, in ya tsere su za a nema.

Maman Sadik: To wanda ba shi da uban tsayawa fa?