Dan Allah ku bani shawara, zaman gidan mutane a Jamus ya fara isata

Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum yan uwa, ku yi haƙuri rubutun zai yi tsawo, wlh na rasa wanda zan faɗawa ne. Ni yar Kaduna ce, bayan na gama NCE na zauna ba aiki sai wata ƙawata ta bani labarin au pair, wato ki zauna gidan mutane kina kula musu da yara suna baki ɗaki da abinci da kuɗin kashewa. Kawuna ne ya ranta min kuɗin koyon Jamusanci har na ci jarabawar A1, wato matakin farko, a Legas, Mama sam bata so ba sai da Gwaggo ta sa baki tace a barni, har yau wasu a dangi basa min magana suna cewa budurwa ta tafi Turai ita kaɗai, kuma bashin kawu ko rabi ban biya ba.

Yanzu ina wani ƙaramin gari kusa da Stuttgart. Mata da miji da yara biyu da wani ƙaton kare da yake kwana a falo. Matar bata da mugunta, har ta ware min waje a firji saboda naman alade, amma abincin darensu kullum burodi ne mai sanyi da cuku, ni kuma in na ɗora tukunya da daddawata sai ta zo ta buɗe tagogi duka cikin sanyin nan. Karen yana lasar min hannu da kaya shi yasa nake kulle ɗakina, jiya ta zaunar dani tace sun kawo ni ne in zama yar gida amma ni na maida kaina baƙuwa. Ga wata tsohuwa maƙociyarmu, ta buɗe bolarmu ta ciro robar yogot da na jefa cikin ta takardu ta ajiye min a bakin ƙofa, ko kallona bata yi. Yarjejeniya awa 30 ce a sati amma ina wuce haka saboda suna fita da dare su bar min yara. In nemi wani gida ne ko in daure?

Maman Khalifa:
Allah sarki, Allah ya kawo miki mafita. Ni a Birmingham nake gidan wan mijina, jininmu ɗaya addininmu ɗaya amma matarsa har ƙirga min yankan nama take yi, in na kunna hita tace na ƙara musu kuɗin wuta. Zaman gidan wani ko na uwa ɗaya uba ɗaya ne sai haƙuri. Ki daure kawai.

Antin Hamburg:
Ƙanwata ki saurare ni da kyau, na daɗe a ƙasar nan fiye da yadda kike tsammani. Daurewa ba naki bane a maganar awanni. Doka tace awa 30, har da zaman dare da yara, kuɗin kashewa yuro 280 a wata, kuma dole su saka miki wani abu a kuɗin makarantar yare. Ki samu littafi ki dinga rubuta ƙarfe nawa kika fara ƙarfe nawa kika tashi, ƙarshen sati ki ajiye mata a tebur. Bajamushe baya gane kara, in kika yi shiru a wajensa kin yarda kenan. Amma maganar tsohuwa ita ke da gaskiya. Takarda dabam, roba da gwangwani dabam, ragowar abinci dabam, kwalba a kai ta inda ake zubawa a unguwa, robar ruwa kuma a mayar kanti a baki centi 25. In aka cakuɗa masu kwasa suna iya barin bolar a wajen. Kuma yankin da kike su ne masu Kehrwoche, kowane gida da satin da zai share matakala da bakin titi, in kika ɗauki tsintsiya ranar Asabar tsohuwar nan ta ganki shi kenan kin shiga ranta. Lahadi kada ki kunna injin shara, bayan goma na dare kada a ji muryarki a waya.

Yar Tudun Wada:
Anti na gode amma ba wanda ya nuna min bolar nan, kala huɗu ne a jere kuma rubutun Jamusanci ne. Kuma ni ba zan iya ajiyewa matar da nake cin abincinta takardar lissafi ba, ba haka aka tarbiyyantar damu ba. Mutuniyar da ta siyo min rigar sanyi da kuɗinta?

Abu Sumayya:
Ni tambayata ɗaya, waye muharraminki a can? Gida da kare da giya da alade, mala'iku ma basa shiga. Ki tattara ki dawo gida Allah zai buɗa miki wata hanyar, kuɗi ba shi ne komai ba.

Dan Damagaram:
Malam ba wannan ta tambaya ba ai. Kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi yawun kare mai rai ba najasa bane, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa sau bakwai, ta tambayi malamai. Yar uwa ni a Liyon ta Faransa na zauna gidan wata tsohuwa lokacin ina karatu, kullum sai ta shigo ɗakina bana nan ta gyara min kaya, da na yi magana tace gidanta ne, ƙarshe ko kuɗin ajiyata bata mayar min ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abu Sumayya:
Akwai saɓani a maganar, kada ka sauƙaƙa mata abin da ba ka da ilimi a kai.

Antin Hamburg:
Ku bar yarinya da rigimar mazhaba dan Allah. Ƙanwata rigar sanyi kyauta ce, awanninki haƙƙi ne, kada ki haɗa su. Kuma kulle ɗakin nan shi zai kashe ki, yanzu ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi, ki zauna ke kaɗai kina kallon waya sai ciwon damuwa ya kama ki. Ki ce mata kare kada ya shiga ɗakinki saboda nan kike sallah, za ta gane, sun san dokar gida. Ki zauna teburin dare dasu ko shayi ne ki sha. Ki yi rajista a Volkshochschule ta garinku, wato makarantar manya da ake koyon yare, nan za ki haɗu da yan Turkiyya da Siriya su nuna miki shagon naman halal da masallaci. Au pair shekara ɗaya ce tak bata wucewa, in baki kai matakin B1 a Jamusanci ba kafin ta ƙare da wuya ki samu Ausbildung, wato koyon sana'a, sai jirgi. Ƴan mata nawa na gani sun ɓata watanni wajen canza gida sun koma da hannu biyu.

Ummu Hanan:
Ni kam na canza kuma ban yi nadama ba. Sanarwar sati biyu ce a yarjejeniya, sai dai ki fara samun sabon gidan tukunna kuma ki sanar da ofishin baƙi tunda takardar zamanki a kan aikin take. Ki nemi babban gari, ƙauyukan nan ko shekara goma kika yi kallon baƙuwa za su miki. Ta hannun wa kika samu gidan, kamfani ne ko intanet? In kamfani ne su ya kamata su shiga tsakani.

Antin Hamburg:
Ke sa'a kika yi. Gidan da aka ware mata waje a firji ba gidan gudu bane, wa ya ce mata na gaba zai fi?

Yar Tudun Wada:
Ba wai bana fita bane, ina kai yara makaranta kullum ina gaida duk wanda na gani, su ne ke amsawa da kalma ɗaya su wuce. Makarantar yaren kuma da yamma ake yi, daidai lokacin da matar take dawowa aiki tana son hutawa, in na tafi wa zai riƙe ƙaramin? Teburin ma na gwada, karen a ƙarƙashi yake kwanciya kan ƙafata. Kuma maganar in dawo gida dan Allah a barta, da me zan biya kawu. Yau ma ta turo saƙo wai Asabar suna da biki za su kwana a can, ban amsa ba tukunna.

Maman Khalifa:
To me za ki ce mata?