Taron masu zanen labari a Legas: a je ko a haƙura?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena ya gama sakandare a nan Birnin Kebbi, ba shi da magana sai ta zane. Duk littafin rubutun da aka saya masa sai ya cika shi da mayaƙa da dawaki. Yanzu ya tasa ni gaba wai in ba shi kuɗin mota ya je Lagos Comic Con. Don Allah me ake yi a can da har za a niƙi hanya zuwa Legas?

Mai Zane: Wa alaikumus salam Anti. In da hali ki ba shi, na je na gani. Ayodele Elegba ne ya fara taron a 2012, galibi a watan Satumba ake yi. Akwai rumfunan masu sayar da littattafan zane, da gasar wasannin bidiyo, da masu shigar jaruman katun. Amma abin da ya fi amfanata shi ne teburan masu zanen kansu. Na miƙa wa wani takarduna, ya juya su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce min duk mutanen da na zana hannuwansu na ɓoye, ko a aljihu ko a bayan riga. Nan take ya ɗauki fensir ya nuna min yadda ake fara tafin hannu kafin a fitar da yatsu. Har yau da wannan nake aiki.

Malam na Argungu: Ɗiyata, ni ban taɓa zuwa ba, amma in don taruwa ta, mu Kabawa mun san daɗinta. Bikin sun Argungu tun 1934 aka faro shi, kuma kowa na iya kallo nai a waya, amma mutane ba su bar tahowa bakin Matan Fada ba. Abin da ni ka tsoro hanya ta. Kar ya yi tafiyar dare, kuma a san wurin wanda za ya sauka.

'Yar Zuru: Gaskiya ne Baba. Ni shigar jarumai ce ta tafi da ni. Na ga wani yaro da sulken da ya yanka daga katifar soso ya fesa masa fenti, sai ka taɓa za ka yarda ba ƙarfe ba ne. Anti, kar ki ɗauka dole sai an yi shigar banza, da hijabina na je na dawo, ba wanda ya dube ni sau biyu. Ya dai tafi da darduma da abin cajin waya.

Mai Zane: Ya kuma nemi rumfar Comic Republic in sun zo, kamfanin littattafan zane na Jide Martin, su ne masu jarumin zanen nan Guardian Prime. Kafin tafiya ya karanta Malika na Roye Okupe, wanda tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya zaburar da shi. Yaron da ya girma yana kwafar jaruman Amurka da Japan yana buƙatar ya ga rawani da doki a cikin littafin da ake bugawa ana sayarwa.

Ɗan Yauri: Ni dai ina ganin kuɗin mota da masauki za su saya masa allon zane na kwamfuta. Bai fi ba?

Mai Zane: Allon yana da amfani Yaya, amma ba zai duba aikinsa ya ce gyara nan ba. Kuma waɗannan tarukan da ƙanana suka fara. Na San Diyego a Amurka, mutum kusan 300 ne suka halarta a 1970, yanzu ana haura 130,000. Comiket na Tokiyo da aka fara a 1975, yawancin masu teburi a can ba 'yan kamfani ba ne, mutum ne ya zana abinsa ya buga ya zo ya kasa.

'Yar Zuru: To ai sai ya yi hakan. Ya zana gajeren labari, shafi takwas ya isa, a yi masa hoton kwafi a ɗinke, ya rubuta lambar wayarsa a baya ya riƙa miƙa wa masu rumfuna.

Malam na Argungu: In labari shi ka nema, ya taho gidan tarihin Kanta nan Argungu ya ga makaman da anka aje, ya ji yadda Sarkin Kabi Kanta ya tsaya ma Askiya na Songhai. In ya taho ya neme ni in kai shi.

Maman Biyu: Na gode Baba, Allah ya saka. Ranar Asabar zan turo shi. Mai Zane, tikitin a ƙofa ake saya ko tun daga nan?

Mai Zane: Ya saya ta intanet da zarar sun sanar da rana, layin ƙofa yana da tsawo. In Allah ya kai mu ni ma zan je, sai mu bi motar safe tare.