Wasiƙu na faɗowa akwatina da sunan wata daban

Hajiya ta Wadata:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, ina kwananku? Kwana biyun nan wasiƙun imel suna ta shigo mini, amma in na duba wurin sunan wanda aka aika wa, ba nawa ba ne, na wata ce da ban taɓa jin ta ba. Jiya guda uku suka zo, ɗaya tana cewa wai kayana sun maƙale a duwan, sai na biya jikka 15. Da wannan adireshin nake odar atamfa da leshi, shi ya sa hankalina ya tashi. An shiga akwatina ne?

Mai gyaran salula na Katako:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ku kwantar da hankalinku, wannan kaɗai ba alamar an shiga ba ce. Kun san yadda ake aika saƙo Tawa ta tasha: a bayan ambulan ake rubuta suna da lambar mai karɓa, kuma ita mai mota yake dubawa. Takardar ciki ko da sunan wa aka buɗe ta, ba ruwansa. To imel ma ambulan gare shi, sai dai ba a nuna muku shi. Kwamfutocin da ke miƙa wasiƙa adireshin ambulan suke bi. Layin da kuke gani a sama, inda aka sa "À", rubutu ne na cikin takarda, mai aikawa na iya sa sunan da ya ga dama.

Mushe na Yantala:
Haka yake, ƙanena. In ƙara da cewa wannan gini ne tun na asali. Ƙa'idar aika imel, SMTP, a 1982 Jon Postel ya rubuta ta a Amurka, lokacin masu intanet 'yan kaɗan ne, galibi na jami'o'i da cibiyoyin bincike, ba a tanadi mai binciken ko ciki da waje sun dace ba. Mu ma muna cin moriyar abin. In zan aika wa iyayen yara sanarwa, a layin Cci nake jera su don kada kowa ya ga adireshin wani. Ɗan damfara ma hakan yake yi, wasiƙa ɗaya, suna ɗaya a sama, mutane masu ɗimbin yawa a ɓoye.

Hajiya ta Wadata:
To Mushe, ina suka samu nawa? Ni ban ba kowa ba sai abokan ciniki.

Ɗalibar jami'a daga Harobanda:
Inna, galibi daga shafukan da aka yi wa kutse ne, sai a tara adireshi ana sayarwa. Na Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kamfanin da kansa ya faɗi adadin a 2017. In jerin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, sunaye kan gauraye, sunan wata ya hau adireshinku. Ku shiga shafin Have I Been Pwned ku rubuta adireshin kawai, ba ya neman kalmar sirri, zai nuna ko ya taɓa fita a wani kutse da aka sani. In kuma kuna son ganin ambulan ɗin da idonku, ku buɗe Gmail a kwamfuta, ku danna ɗigo uku na gefen wasiƙar, ku zaɓi "Afficher l'original". Layin Delivered-To naku zai nuna.

Alhaji mai kanti, Bukoki:
Ni dai shawarata, Hajiya, a ƙasan wasiƙar akwai wurin da ake dannawa a ce a daina aiko maka. Ki danna ki huta. In ya ƙi, ki buɗe sabon adireshi.

Mai gyaran salula na Katako:
Alhaji, ku yi mini haƙuri, a nan ban bi ku ba. Wurin dannawar nan yana aiki in kamfanin kirki ne wanda ka yi rajista da kanka, kuma tun 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta wa masu aika wasiƙu da yawa su sa shi. Amma a wasiƙar ɗan damfara, dannawa sanar da shi ce cewa akwai mai rai a gidan, sai ya ƙara ƙaimi. Ko hoton cikin wasiƙar ma yana iya kai masa labarin an buɗe. Hajiya, kada ku ba da amsa, kada ku buɗe abin da aka liƙa. Ku danna "Signaler comme spam", da haka matatar Gmail take koyon irinsu. Sauya adireshi kuwa asara ce ga mai kasuwanci, abokan hulɗa za su ɓace, sabon ma wata rana zai shiga jeri.

Maman 'yan biyu, Tawa:
Ku bar ni in sa baki, don ba duka ne damfara ba. Ni wata takwarata ce ta ba wani banki adireshina bisa kuskure, wata shida ina samun bayanin kuɗinta. Abin ya dame ni ƙwarai, sirrin baiwar Allah a hannuna. Na zaci ɗigon da ke tsakanin sunayenmu ya raba mu, ashe Gmail ba ya lissafa ɗigo, da shi da babu duk akwati ɗaya ne, ita ta manta wata lamba ce a nata. Ban bi ta cikin wasiƙar ba, da ƙafata na je reshen bankin na nuna musu, suka gyara.

Mushe na Yantala:
Kin kyauta, Maman 'yan biyu. Hajiya, alamar kutse daban take: ki ga wasiƙun da ba ke kika rubuta ba a cikin waɗanda aka aika, ko mutane su ce kin roƙe su kuɗi. Duba can tukuna.

Hajiya ta Wadata:
Na duba, babu komai sai nawa, alhamdu lillahi. Allah ya saka muku da alheri. Ɗiyata, kalmar sirrin tawa ɗaya ce da ta Facebook, da matsala?

Ɗalibar jami'a daga Harobanda:
Da matsala, Inna. Ku raba su yau, kowanne da tasa, sannan ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ake turo lamba a salula. Ranar Asabar zan shigo Wadata, in biyo shago mu yi tare.