Mun tsinci tsohuwar bindiga a ɗakin kakanmu, ta yaya za mu gane asalinta?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna gyaran tsohon ɗakin marigayi kakanmu sai muka ci karo da doguwar bindiga a naɗe cikin buhu. A gida an sha gaya mana cewa ya yi soja a yaƙin Bama, shi ya sa baffanninmu suka ce lallai ita ce ya dawo da ita. Katako ya rufe ta har kusan baki. A ƙarfen da ya zagaye wuyanta ta dama, bayan kunama, akwai hoton kambi, ƙarƙashinsa G.R., sai B.S.A. Co, sai 1917, sai ShtLE da III mai tauraro. Akwai lamba mai harafi ɗaya a gaba, da wata alama kamar kan kibiya, sannan an buga DP manya a kan ƙarfen da kuma jikin katakon. Lambar za ta iya nuna mana wanda ya riƙe ta? Kuma wani ƙanena yana so a goge ta a gwada ko tana tashi.

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam. Kin yi kyan kai da kika kwafo rubutun yadda yake, don kusan ya gama ba da amsa. Lee-Enfield ce ta sojan Ingila, samfurin da aka fara ba soja a 1907, mai cin harsashi .303 guda 10. G.R. sunan Sarki Joji na Biyar ne, wanda ya hau mulki a 1910. Da ta zamanin mahaifinsa ce sai ki ga E.R. B.S.A. kamfanin Birmingham ne, 1917 kuma shekarar ƙira. Tauraron yana nufin samfurin da aka rage wa wasu ƙananan sassa a tsakiyar yaƙin duniya na farko domin a riƙa ƙerawa da sauri. Kan kibiyar kuwa hatimin mallakar gwamnatin Ingila ne. Ki duba ko akwai kibiyoyi biyu da suka haɗa kai, wannan alamar an sayar da ita daga hannun soja ke nan.

Amma lambar ba za ta kai ki ga sunan kowa ba. Kowace masana'anta da jerin lambobinta, idan sun ƙare a canza harafin gaba a sake farawa, don haka bindigogi biyu daga masana'antu daban suna iya zuwa da lamba iri ɗaya. Amfaninta shi ne ki gwada ta da wadda ke bayan hannun sakata (ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi), da ta kan bututu, da ta ƙarfen baki inda ake maƙala banati. In duk sun yi daidai, ba a sauya mata sassa ba.

Tsohon soja:
'Yata, ki fara da ƙanen nan naki, ki ce masa kada ya kuskura. DP ɗin da kika gani ma'aikatan makamai ne suka buga, ma'anarsa an soke ta daga harbi, ta koma ta fareti da koyar da riƙo kawai. Ba a buga wannan sai an ga lahani ko ta gaji. Ƙara da tsatsar shekaru. Wanda ya sa mata harsashi, fuskarsa ya sa a gaba. Kada kuma ku ɗauka babu komai a cikinta, kada a nuna bakinta ga kowa, kada yaro ya kusance ta.

Maganar Bama, Allah ya jiƙan mazan jiya, amma soja ba ya tafiya gida da bindigarsa. Ranar sallama ana karɓarta a mayar ma'aji. Abin da ake komawa gida da shi lambobin girma ne da takardar sallama.

Mai tambaya:
To Baba, ke nan labarin da aka ba mu ba gaskiya ba ne?

Malamin tarihi:
Ba haka Baba yake nufi ba. Zuwan kakanku Bama daban, asalin bindigar daban. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a can, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma 'yan Arewa da yawa suna ciki. Barikin Myohaung da ke Legas ma sunan garin da suka kama ne a Janairun 1945. Irin wannan bindiga ta yi aiki a yaƙin duniya na biyu sosai, don haka shekarar 1917 ba ta kore komai ba. DP ɗin ne ke nuna cewa ƙarshen rayuwarta a filin fareti ta yi shi. Ku duba gefen gindinta, wani lokaci akwai ɗan faifan tagulla da ake buga sunan runduna a kai. In kuma shaidar kakanku kuke nema, ku binciki akwatinsa. Lambarsa ta soja da ke kan takardar sallama ita ce ke kai mutum ga tarihinsa, ba lambar bindiga ba.

Wani ɗan uwa:
Ni na ɗauka irin Mak 4 ɗin 'yan sandan da ce.

Tsohon soja:
Ƙanwarta ce waccan, ta 1941. Bututunta yana leƙowa gaban katako, rubutunta kuma a hagu yake. Wannan mai guntun hanci ce.

Lauya:
Duk an yi bayani mai kyau, saura doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci bindigar soja mai .303 da sunanta cikin makaman da aka haramta, waɗanda lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Tsufanta ko kasancewarta gado ba ya wanke wanda aka same ta a hannunsa, kuma kada ku dogara da DP ɗin a matsayin kariya. Kada ku sa ta a mota ku ce za ku kai ta da kanku, shingen farko za a fara tambayarku. Babban gidan ya sanar da mai unguwa, su je ofishin 'yan sanda tare, zai fi kyau da lauya, a zo a ɗauke ta a ba ku takardar shaida mai ɗauke da lambarta. In kuna so ta ƙare a gidan tarihi, irin Gidan Makama na Kano ko gidan tarihin yaƙi na Umuahia, ku rubuta buƙatar haka a lokacin miƙawa.

Malamin tarihi:
Kafin a zo ɗauka ku ɗauki hoton kowace alama a inda take, da haske mai kyau, ku ajiye wa zuriya. Kada a kankare tsatsar da yashi ko toka, rubutun ne zai tafi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, lambar sakata ba ta yi daidai da ta jiki ba, gurbin faifan tagullar kuma an cike shi da katako. Baffa ya kulle ɗakin ya riƙe makullin, ya ce gobe in Allah ya kai mu zai ga mai unguwa.